KUJERA TA JUYA, BAKI YA JUYA

Ya ku 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa na ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, akwai wata magana da ta fara yawo a rassanmu wadda ba za mu bari ta girma ba mu tanka ba. Wasu daga cikin samarinmu suna cewa wai a yi haƙuri, ranar da mulki ya zo hannunmu za mu rama. Wai mu ma za mu naɗa kantomominmu, mu hana su lacca kamar yadda aka hana mu, su ɗanɗana abin da muka ɗanɗana. Mun san zafin da ya kawo wannan magana, gama mu ma a cikinsa mu ke. Amma muna roƙonku ku zauna mu yi lissafi tukuna, domin wannan magana ba sabuwa ba ce a Zamfara. Kowace jam'iyya da ta hau kujerar Gusau da ita ta hau, kuma ku ne kuka biya kuɗinta.

Tun 1999 tutar da ke kan gidan gwamnati ta yi ta sauya launi. Ahmad Sani Yariman Bakura ya hau a APP, wadda ta zama ANPP. Mahmuda Shinkafi ya gaje shi a 2007 a ANPP, kafin wa'adinsa ya cika ya koma PDP. Abdul'aziz Yari ya karɓa a 2011 a ANPP, ya ƙare a APC. Ran 24 ga Mayu 2019 Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC duka saboda ba ta yi zaɓen fid da gwani bisa ƙa'ida ba, Bello Matawalle na PDP ya zama gwamna, a watan Yuni 2021 shi ma ya kwashe kayansa ya koma APC. A 2023 Dauda Lawal ya kayar da shi a PDP. To, a duk wannan juye-juye, wace ce jam'iyyar da ta hau ta ce ikon gwamna ya yi yawa, bari in rage wa kaina? Ku nemo mana ita, mu buga sunanta a shafin farko.

Mu fara da abin da ya fi kusa da ku, watau ƙaramar hukuma. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 7, ya ce jama'a ne za su zaɓi majalisar ƙaramar hukuma. Ba a ce gwamna ya zaɓa musu ba. A watan Afrilu 2019, saura wata guda Yari ya sauka, aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, APC ta kwashe kujerun ciyaman 14 duka, ba ta bar ko ɗaya ba. 'Yan PDP suka ce wannan naɗi ne aka sa masa rigar zaɓe, kuma gaskiya suka faɗa. Da mulki ya faɗo hannunsu, a 2020 aka sallami waɗannan ciyamomi tun wa'adinsu bai cika ba, aka kawo kantomomi. Sai 'yan APC suka ɗora hannu a ka suna kiran tsarin mulki, suna cewa an taka haƙƙin jama'a, su ma kuwa gaskiya suka faɗa. Shekara guda bayan haka gwamnan da ya yi wannan aiki ya shigo APC. Kun ji wani ɗan APC ya sake tuna sashe na 7? Kantomomi suka ci gaba da zama har mulkin ya ƙare, bakin kowa alaikum. A watan Nuwamba 2024 aka sake yin zaɓe, PDP ta kwashe ciyaman 14 da kansila 147, ba ta bar ko ɗaya ba, APC ta koma kuka da kalmomin nan da PDP ta yi kuka da su a 2019. Da a ce an ajiye takardar kukan wancan lokaci, da sunan jam'iyya kaɗai za a goge a sake bugawa.

Haba jama'a! Wane hankali ne zai yarda cewa a mazaɓu 147, daga Bagega har Daki Takwas, daga Gwashi har Shinkafi, babu ƙauye ɗaya da mutanensa suka fi son wani ɗan takara dabam, kuma wannan ƙauna ta bai-ɗaya tana bin gwamna duk inda ya juya? Ko 'ya'yan mutum ɗaya ba sa haɗuwa haka a kan tuwo.

Wani zai ce mene ne ruwan mai sayar da gero da rikicin ciyaman da kantoma. Ruwansa kuwa babba ne. Kason ƙaramar hukuma yana fitowa daga asusun tarayya kowane wata da sunan Anka, da sunan Gummi, da sunan Bukkuyum. Shekara da shekaru kuɗin nan yana biyowa ta asusun haɗin gwiwa na jiha, watau ta hannun gwamna, shi ya ke yanka abin da ya ga dama ya aiko. Kantoma kuwa ba ku ne kuka sa shi ba, saboda haka ba ku ya ke tsoro ba. Wanda ya ba shi kujera da takarda ɗaya zai iya karɓe ta da takarda ɗaya. In rumfar kasuwa ta rushe, in kwalbati ta toshe ruwa ya ci gari kamar yadda ambaliya ta yi wa Gummi a daminar 2024, in asibitin ƙauye ba ko ƙwayar maganin zazzaɓi, wa za ku kama? Ku je sakatariya a ce muku mai gida yana Gusau. Amma ranar kasuwa mai rasit ba ya makara.

Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓiyar majalisa ya naɗa kantoma. Gwamnoni na kowace jam'iyya, masu tsintsiya da masu lema, a layi ɗaya suka tsaya a gaban kotu suna jayayya da wannan ƙara. A nan ba su da saɓani ko kaɗan. Da hukuncin ya fito sai jiha bayan jiha ta ruga ta shirya zaɓe, kusan ko'ina jam'iyyar da gwamna ya ke so ta cinye duka. An hana su naɗa kantoma da alƙalami, suka naɗa shi da akwati.

Yanzu mu zo kan abin da ba wanda ya manta a yankin nan. Daga ƙarshen Agusta 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana safarar dabbobi, ta hana sayar da mai a jarka. Ran 3 ga Satumba hukumar sadarwa ta tarayya, bisa roƙon gwamna, ta umarci kamfanoni su kashe layukan waya a jihar duka. Mako biyu aka ce da fari. Gusau ta sami nata a farkon Oktoba, mutanen karkara kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. Ku da kuka yi zaman nan kun fi mu sanin abin da ya ci. Mai akuya ɗaya da ya ke so ya sayar ya sayi magani ya rasa inda zai kai ta. Dillalan shanu, da 'yan kamasho, da masu dako, da mata masu ƙosai da fura da ke jiran ranar kasuwa, duk aka bar su hannu rabbana. Ɗan kasuwa da ke son ya ji labarin kayansa sai ya hau mota ya fita jihar domin kira ɗaya. Ƙauyen da aka tasar wa da dare ba shi da hanyar kiran agaji. Sa'an nan a farkon Janairu 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen wurin suka ce sun kusa 200. Allah ya jiƙansu. Wannan ya faru bayan duk wancan ƙunci da aka ce a jure domin a gama da ɓarayi.

A tsakiyar Oktoba 2022 aka sake rufe Anka da Bukkuyum da Gummi, su ukun nan da sunansu, aka hana zirga-zirga, aka rufe kasuwar Bagega, kuma a cikin sanarwa guda aka hana taron siyasa a jihar baki ɗaya. Ku lura da lokacin. Ran 12 ga Oktoban nan ne hukumar zaɓe ta buɗe yaƙin neman zaɓen gwamna. PDP ta yi taronta a Gusau duk da hani, sai gwamnati ta ba da umarni a rufe gidajen rediyo da talabijin da suka ɗauki taron, har da NTA da Pride FM na Gwamnatin Tarayya, da Gamji. Hukumar kula da kafofin watsa labarai ta ƙasa ta fito ta ce jiha ba ta da wannan iko, bayan kwana kaɗan aka janye aka ba da haƙuri. Gidajen rediyo sun sami mai tsaya musu. Mai tebur a Bagega wa ya ba shi haƙuri?

Abin da ya sa mu ke jan wannan zance shi ne asalin mutanen da suka yi hanin. A watan Satumba 2003 ANPP ta yi gangami a Kano, 'yan sandan gwamnatin PDP suka watsa musu barkonon tsohuwa da hujjar ba su da izini. Chuba Okadigbo, wanda ya tsaya wa Buhari mataimaki, yana wurin, bayan kwana kaɗan ya rasu. ANPP da wasu jam'iyyu suka kai Sufeto Janar ƙara, Babbar Kotun Tarayya ta ba su gaskiya a 2005, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar a 2007, cewa ɗan Nijeriya ba ya bukatar izinin ɗan sanda kafin ya yi taro, wannan dokar mulkin mallaka ce. Wannan nasara ta ANPP ce, jam'iyyar da ke mulkin Zamfara a lokacin, wadda ta narke cikin APC a 2013. 'Ya'yanta ne suka hana taro a 2022. 'Yancin da suka sha hayaƙi suka ƙwato, da kujera ta zo sai ya zame musu ƙaya.

Kada 'yan PDP su yi dariya. Su ne suka harba hayaƙin 2003. Sun yi kuka a Fabrairu 2022 da majalisar jiha ta tsige mataimakin gwamna Mahdi Aliyu Gusau, wanda ya ƙi bin gwamna zuwa APC, suka ce majalisa ta zama 'yar amshin Shata. A Fabrairu 2024, majalisa tana hannunsu, aka dakatar da wakilai takwas a zama ɗaya, mazaɓunsu suka zauna ba mai magana da yawunsu. A sama ma haka abin ya ke. Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Ikko a 2004, Bola Tinubu yana gwamna ya kai shi Kotun Ƙoli, kotu ta ce shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙewa. A 2025, Tinubu yana shugaban ƙasa, aka riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Osun, kuma ran 18 ga Maris na shekarar ya dakatar da zaɓaɓɓen gwamnan Ribas da majalisarsa wata shida, ya naɗa kantoma, irin abin da Obasanjo ya yi wa Filato a 2004.

Mun san amsar da za a ba mu. Za a ce ɓarayi suna daji, ana kashe mutane, ku kuna zancen doka. Ba mu ne za a koya wa wannan ba, gama ba a Abuja mu ke kwana ba. Muna son gwamnati mai ƙarfi a kan ɗan bindiga, ƙarfin da ya isa ya sa manomi ya je gonarsa ba tare da ya biya ɓarawo harajin noma ba. Abin da muka gani kuwa shi ne gwamnati mai ƙarfi a kan mai goro da mai rediyo, mai sanyi a kan ɓarawo. Rufe kasuwa aikin takarda ɗaya ne, shiga dajin Bagega kuwa sai da shiri da kuɗi da jini, shi ya sa kullum a kanku hukunci ya ke sauka. In har tilas ta kawo a taƙaita wani abu saboda tsaro, to akwai hanya. A kai gaban majalisa a yi muhawara a fili, a rubuta ranar farawa da ranar ƙarewa, a faɗi abin da za a yi wa wanda aka hana neman abincinsa, in wa'adi ya cika a zo a gaya wa jama'a abin da aka samu. Shugaban ƙasa kansa, in zai sa dokar ta-ɓaci, sashe na 305 ya tilasta shi ya nemi yardar majalisar tarayya. Yaya za a yi gwamna ya rufe ƙananan hukumomi uku da sanarwar kwamishina?

Dattawanmu da suka ga zamanin En'e sun san wannan cuta tun tana ƙarama. Lokacin da Anka da Gummi da Bukkuyum su ke gundumomi a ƙarƙashin En'en Sakkwato, hukuma ɗaya ce ke da ɗan doka, ita ke da alƙali, ita ke da gidan yari, ita ke karɓar haraji da jangali, ita ce kuma ke ba da izinin lacca. NEPU, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950, a kan wannan ta yi yaƙi, 'ya'yanta suka sha bulala da ɗauri saboda lacca ba izini. Jam'iyyar AG ta Awolowo tana zuwa Arewa tana la'antar 'yan doka, alhali a Jihar Yamma 'yan sandan ƙananan hukumominta suna matsa wa 'yan NCNC. Da aka sa wa Yamma dokar ta-ɓaci a 1962, mulki ya kuɓuce mata, da waɗannan 'yan sanda aka bi 'ya'yanta. Sai bayan juyin mulkin 1966 soja suka karɓe ɗan doka da kotu da gidan yari daga hannun En'e. PRP, magajiyar NEPU, ta cika alkawari babba a 1979, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, talaka ba zai manta ba. Duk da haka daga 1979 zuwa 1983 gwamnonin ƙasar nan, har da na PRP, da kwamitocin riƙo suka tafiyar da ƙananan hukumomi, ba a yi zaɓe ba. In mutanen da suka sha ɗauri domin talaka sun ga kujerar nan ta yi musu daɗi har haka, kada wani ya ce mana kyan halin ɗan takararmu ya isa jingina.

Wannan tarihi ne ya sa mu ke sa ido a kan zancen 'yan sandan jiha da ake ta yi. A ƙarshen Janairu 2024 aka ƙaddamar da Askarawan Zamfara, mutum fiye da 2,000, kuma mun san ƙauyukan da suka ji sanyi da zuwansu. Tambayarmu ita ce wa ke ɗaukar su, wa ke korar su, wa za a kai wa ƙara in sun yi ba daidai ba, kuma me zai hana a juyo da su kan 'yan adawa ranar zaɓe. Mai goyon bayan gwamnan yau ya amsa wannan yana tuna cewa bindigar ba ta bin gwamna gida in ya sauka. Tana nan a ma'aji tana jiran wanda zai gaje shi, ko da kuwa wanda ka fi ƙi ne a duniya.

To, ga abin da mu ke kawo wa rassa, kuma a kan 'yan takararmu mu ke kawo shi, ba na wasu ba, domin na wasu ba su neman ƙuri'a a hannunmu da sunan jam'iyyarmu. Duk mai son tutarmu, daga kansila har gwamna, ya zo gaban reshe ya sa hannu a takarda tun yanzu da ya ke tafiya a ƙasa yana gaishe mu da hannu biyu. Ya rubuta cewa ba zai naɗa kantoma ko na kwana ɗaya ba, kuma ba zai kori ciyaman ɗin da ya tarar ba don ɗan wata jam'iyya ne, sai dai kotu ta kore shi. Wannan ita ce gaɓar da za ta yi wa wasunmu ɗaci, mun sani, domin tana nufin wanda ya yi mana dariya jiya zai iya cika wa'adinsa a ƙarƙashin mulkinmu. Haka ne, zai cika. In muka kore shi mun ba wanda zai zo bayanmu hujjar korar namu, kuma ba za mu sami bakin magana ba, kamar yadda APC da PDP ba su da shi yau. Ya rubuta cewa hukumar zaɓen jiha za ta sami wakilan 'yan adawa a cikinta, a ƙirga ƙuri'a a rumfa a gaban kowa, a manna sakamako a bango kafin akwati ya motsa. Ya rubuta cewa abin da ya shigo wa Anka da Gummi da Bukkuyum kowane wata, da abin da aka tara a kasuwa da tasha, za a manna shi da Hausa, boko da ajami, a ƙofar sakatariya da bakin kasuwa. Ba za a rufe kasuwa ko a kashe waya ba sai da ƙuri'ar majalisa da ranar buɗewa a rubuce. Lacca ba ta bukatar izini, sanarwa ga 'yan sanda domin su ba da tsaro ta isa. Gidan rediyon da ya zage mu, in ƙarya ya yi, kotu tana nan.

Wani babba ya ce wannan ɗaure wa kai hannu ne tun ba a shiga kokawa ba. Mun yarda ɗauri ne. Hannun da za a ɗaure shi ne wanda ke shiga aljihunku, hannun gina rijiya da biyan malaman makaranta da korar ɓarayi kuwa a sake ya ke, babu layi ɗaya a takardar da ya taɓa shi. Ɗan takarar da ya ce ba zai iya mulki ba sai da ikon rufe muku kasuwa ya riga ya gaya muku abin da ya ke shirin yi.

Sakatarorin rassa su karanta wannan a taron mako, da ƙarfi, domin waɗanda ba su yi boko ba su ji da kunnensu, mata ma a kai musu har gida. Kowane reshe ya yi kwafi uku na takardar alkawari. Ɗaya ta zauna a ofishin jam'iyya, ɗaya a hannun ɗan takara, ta ukun kuwa a ba shugabannin 'yan kasuwa na garin, ko 'yan jam'iyyarmu ne ko ba su ba ne. Sunayen waɗanda suka sa hannu da na waɗanda suka ce sai sun yi shawara, a aiko mana da su, za mu buga duka biyun a wannan shafi.